Cokali Ɗaya a Kowane Kwano

Kwanon farko da na aika wa maƙwabtanmu na ƙasa ya dawo mini a cike, in ban da gurbin cokali ɗaya a gefen tuwon. Na buɗe na miya, ita ma an taɓa, ga layin da mai ya bari a jikin kwanon yana nuna inda ta tsaya da farko. Na tsaya a kicin riƙe da murfi ina kallo. 

A garinmu idan aka kawo maka abinci, ko ba ka so, sai ka juye, ka wanke kwano, ka mayar da godiya. Ka ba kaji in ka ga dama, ba wanda zai bi sawu. In ka maido shi ba ka taɓa ba, to akwai gaba a tsakaninku, kowa ya san inda aka tsaya. Amma ka buɗe, ka ɗanɗana, ka rufe, ka maido? Wannan ko maƙiyi sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya aikata. Ka ce wa mai girkin ke nan: na gwada hannunki, bai kai a ci ba.

A garin Greensboro na Amurka ne, farkon shekarun tamanin. Maigidana yana karatun aikin gona a jami'ar da ke gabashin gari, muna haya a saman wani bene a bayan titin Wendover, inda motoci ba sa numfashi. Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi, irin zafin nan mai ɗanko da ke manne wa mutum riga a baya, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi. Maƙwabtan na ƙasa mutum biyu ne 'yan Afganistan, wata majami'a ce ta kawo su bayan da tankokin Rasha suka shiga ƙasarsu. Akwai tsoho dogo siriri mai farin gemu, muna ce masa Baba, yana aikin ɗaukar kujeru da gadaje a wani sito a kan Wendover ɗin. Sai wata tsohuwa da ba mu taɓa ganin ta a waje ba, sai dai inuwarta a bakin taga. Mun ɗauka matarsa ce.

Tuwon nan kuwa ba na wasa ba ne. Da kukar da na ɗauko daga gida na yi miyar, wadda nake aunawa kamar magani, da daddawar da na ɓoye a cikin safa don kada ma'aikatan filin jirgi su jiyo ta. Musulmi ne, maƙwabta ne, ga azumi, me ya rage in ba kwano ba? A Amurka babu wanda za ka aika, don haka da kaina na sauka. Na ƙwanƙwasa, na miƙa wa Baba, na juya da sauri kamar yadda aka koya mini, don ba a tsayawa a kan wanda aka ba abinci.

Maigidana ya leƙa kwanon ya ce, “Ke dai ki bar zancen. Wataƙila yaji ne ya yi musu yawa. Different culture ne.”

Shi komai different culture ne, ko mota ta buge shi haka zai ce. Washegari na rage yaji, na dafa shinkafa da miyar kaza. Ta dawo, cokali ɗaya babu. Rana ta uku na soya ƙosai, wanda sai da na wuni ina murza wake da hannu ina cire ɓawo. Aka maido mini da shi cif, guda ɗaya ne kawai aka gutsure da gefen cokali, sauran rabin yana zaune a sama yana kallona.

Kuskurena shi ne na faɗa a wurin shan ruwan da Hausawan gari ke haɗuwa ranar Asabar. Babbarmu a mata wata Anti ce 'yar Damagaram, mace mai kirki amma bakinta ba ya azumi. Ta tafa hannu ta ce, da ɗan Faransancinta, “Ma chère, ko dai gishirin Amurka ne ya fi ƙarfinki?” Aka kwashe da dariya. Wannan na iya haɗiyewa. Sai wata daga gefe ta ce, ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, “Ko sun ga wani abu ne a ciki? Mutanen can sun san asiri fa.” Ni da ko laya ban taɓa ɗaurawa ba! Na dawo gida ina huci, na rantse ko ruwa ba zan ƙara ba su ba.

Ban iya riƙe rantsuwar ba, don ina so in ji dalili daga bakinsa. Ranar Lahadi da hantsi na ritsa shi a ɗakin injunan wanki na gidajenmu, yana ninke wani farin mayafi a tsanake. Turancina na kwalejin horon malamai ne, nasa na sito ne, amma fushi ba ya buƙatar tafinta.

Na ce, “Baba, in girkina bai yi muku ba, ku zubar. Me na yi wa matarka da za ku riƙa tozarta ni?”

Ya saki mayafin ya dafe ƙirji. “Astagfirullah! 'Yata, ba matata ba ce. Uwargijiyata ce. Jinin sarauta ce.”

Ya sa hannu cikin 'yar falmaransa ya ciro wani ƙunshin ƙyalle, ya warware. Cokali ne ƙarami na azurfa, ya yi baƙi don tsufa, bakinsa ya cinye gefe ɗaya. Ya ce aikinsa ke nan tun yana ƙarami. Duk abin da zai shiga bakin uwargijiyarsa sai ya fara shiga nasa. Cokali ɗaya daga kowane kwano, sannan ya tsaya a gabanta tana kallon fuskarsa gwargwadon tsawon salla mai raka'a huɗu. In bai faɗi ba, sai ta ci in ta ga dama.

“To ai ba ka faɗi ba,” in ji ni.

“Ban faɗi ba. Amma ba ta cin abin da ya shigo daga waje a rufe.”

“Ita ta sani. Kai me ya hana ka ci?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana shi yin salla da takalmi. Ya ce bara ba ya cin abin da uwargijiyarsa ba ta ci ba. Rabonsa shi ne saura. In ta ci ta rage, nasa ne. In ba ta taɓa ba, babu saura, sai a mayar wa mai shi. Na tambaye shi to me take ci. Farar shinkafa da shi ya dafa a gabanta, da burodin da ita ta ga an yage ledarsa, da shayi. Abin da suke ci ke nan, su biyun, tun da suka sauka a ƙasar nan.

Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce, “Abin nan na wake da kika soya, 'yata. Na wuni a wurin aiki ina tuna shi.”

A lokacin ne na dube shi da kyau. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ɗamarar wandonsa an ƙara mata huji da ƙusa. Mutumin da ya haura sittin, yana ɗaukar gadaje da azumi a cikin wannan zafi, ya dawo ya sha ruwa da ragowar farar shinkafa. Fushin da na shigo da shi bai tafi ba, wurin zama kawai ya canza.

Sauran labarin a ɗakin wankin na tsince shi, kaɗan-kaɗan, tsakanin injin da ke wanki da wanda ke busarwa. Uban tsohuwar ɗan sarauta ne daga wani reshe na gidan, yana cikin waɗanda ake raɗe-raɗin za su iya hawa gado wata rana. Yana da ƙane, uba ɗaya uwa daban, shi ma ana raɗe-raɗin. Wani watan azumi ƙanen ya aiko da abinci a rufe, da saƙon cewa a manta da abin da ya wuce. Mai ɗanɗano na lokacin uban Baba ne. Ya ci cokalinsa, ya tsaya. Bai kai raka'a ta uku ba ya faɗi.

Na ce, “Inna lillahi. Me aka yi wa ƙanen?”

Ba a yi masa komai ba. An kama mai dafa abinci an rataye shi. Bayan 'yan shekaru wani na uku ya taso yana neman ya gama da su duka biyun, sai wa da ƙane suka shirya, suka dafa Alƙur'ani, suka haɗa 'ya'yansu aure don ƙulla zumunci. Tsohuwar nan ta bakin taga ita aka ba ɗan mai aiko da abincin. Baba kuwa, don a saka wa ubansa, sai aka miƙa masa cokalin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya faɗi wannan. Da alfahari ya faɗa, har yana gyara tsayuwa. Ya ce akwai barori da yawa a gidan, amma shi aka zaɓa.

Maigidana bai yarda ba, ya ce tsofaffi da ƙarin gishiri. Ya je laburaren jami'a ya aro wani ƙaton littafin tarihin ƙasar don ya ƙaryata ni, sai ga shi ya kasa ajiye shi. Bayan la'asar ina yankan albasa yana karanto mini yana fassarawa. Wani sarkinsu ya mutu ya bar 'ya'ya maza fiye da ashirin bai nuna magaji ba. Ɗaya ya tara 'yan'uwansa wai a yi shawara, ya sa aka kulle su, ana ba su ɗan burodin da ba zai kashe ba kuma ba zai rayar ba, har yunwa ta sa suka yi mubaya'a. Shi ma daga baya ɗan'uwansa ya kama shi ya sa aka tsiyaye masa ido. Wani an harbe shi a cikin tanti wurin farauta, ƙanensa ya yi 'yan kwanaki yana amsa sunan sarki, ɗan mamacin ya tuɓe shi ya jefa shi kurkuku ya mutu a can. Wani an harbe shi wurin raba wa ɗalibai kyauta. Na ƙarshe ya tafi ƙasar waje neman maganin ido, ɗan baffansa, wanda kuma yake auren 'yar'uwarsa, ya haye kujerar kafin ya dawo. Shi kuma sojoji suka zo suka kashe shi da iyalinsa.

Na ce, “Duba mini, a duk littafin nan akwai inda aka rubuta masu ɗanɗano?”

Ya juya bayan littafin, ya bi da yatsa, ya ce babu. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai tun ranar nake zargin wanda ya fara faɗin wannan magana a fada yake cin tuwo.

Dabarar ta zo mini ina wanke-wanke. Cokali ɗaya daga kowane kwano, haka ya ce. Bai ce kwano nawa ba. Da zan taho Amurka mahaifiyata ta cusa mini jerin kwanukan samira guda tara a akwati, masu shiga cikin juna, ina ta mita wai nauyi. Na sauko da su daga saman kabad, na wanke. Ranar na yi tuwo a ɗaya, miyar kuɓewa a ɗaya, ƙosai, alala, kunun gyaɗa mai kauri yadda zai zauna a cokali, farfesun akuyar da mazanmu suka yanko a wata gona bayan gari, dambun garin masara, kwaɗon ganyen nan mai faɗi da baƙaƙen Amurka ke ci, da dankali. Sawu uku na yi a matakala.

Maigidana ya ce, “Mu ma fadar muka koma ne? Ina da exam gobe, ko'ina a gidan nan kwano.”

Na ce ya karanta a kan gado.

Da Baba ya buɗe ƙofa ya ga kwanuka a jere a bakin ƙofa, sai ya ƙirga su da ido, ya dube ni, ya sake ƙirgawa. Gemunsa ya ɗan yi rawa. Ya sunkuya ya kwashe.

Haka muka yi sauran azumin. Kwano tara su sauka, kwano tara su hau, kowanne da gurbinsa, mu kuma mu yi sahur da abin da ya dawo. Kuma mutumin nan, don Allah ku ji gaskiya irin ta wahala, bai taɓa tula cokalin ba. A shafe yake ɗiba, daidai baki. Na sha tsayawa a kicin ina zaginsa a raina: tsoho, wa zai gan ka? A farfesu kaɗai na lura gurbin na ɗan fin na sauran zurfi, sai na riƙa yanka naman ƙanana yadda tsoka uku za su hau cokali ɗaya. Cokali tara ba abinci ba ne. Amma da babu gara ba daɗi.

Loma ɗaya tak daga bakin tsohuwar za ta mayar da kwanukan nan duka saura. Wannan ne ya riƙa cin raina, har ana saura kwana uku Salla na yafa gyale na bi kwanukan ciki. Ɗakin babu komai sai darduma ɗaya mai kyau da kujera ɗaya a bakin taga. Tsohuwar tana kan kujerar, 'yar ƙarama, bayanta a miƙe, farin mayafin nan a kanta. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda zan gaida uwar mijina. Ta amsa da ƙiftawar ido. Da lokaci ya yi muka sha ruwa, Baba ya ci cokulansa tara, ya tsaya a gabanta hannu a ƙirji.  Tana kallon fuskarsa, ba da ƙiyayya ba, ba da tausayi ba, yadda ake kallon tukunya a ga ko ta tafasa.

Da ya gama tsayuwar na matso, na wanke hannu, na ci daga kowane kwano a gabanta, loma manya. Na ce, “Baba, gaya wa Hajiya ni na dafa, ga shi na ci. Ta taɓa ko ɗaya ne, albarkacin watan nan.”

Ya faɗa mata. Ta yi magana a hankali, ba ta dube ni ba. Sai da ta ɗaga gira sannan Baba ya fassara, idonsa a ƙasa.

“Ta ce ta gode. Ta ce a gidansu an taɓa ganin wadda ta sha makari tun daga ɗakinta, sannan ta zo ta ci tare da baƙuwarta.”

Jinina ya hau har kunnuwana suka yi zafi. Ni? In bar garinmu, in ƙetare teku, in zo in sa wa tsohuwar da ban san ko sunanta ba guba, don in gaji me? Kujerar bakin taga? Na buɗe baki zan faɗi abin da za a daɗe ana fassarawa, sai na dubi fuskarta. Idonta na kan ƙosan, tana haɗiyar yawu. Yunwa take ji, ita ma. Ta ɗaga hannu ta yi wani ɗan kaɗi da bayan yatsu, alamar a ɗauke. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba, amma bai kai rabin haushin ba. Tsoronta nata ne, ta gaje shi, tana da hujja. Sai dai cikin wani ne ke biya.

Bayan Salla na ci gaba da kwanukan, ko da ba kullum ba. Da ganyen itatuwa ya fara ja, sai ga wata doguwar mota da lambar jihar Virginia, washegari kuma ga wata. 'Ya'yan 'yan'uwanta ne su biyu, kowanne da kwat da turare, kowanne ya zo ne don ya tafi da ita. Daga tagarmu na kalle su a wurin ajiye motoci suna nuna wa juna yatsa da yarensu. Baba ya bayyana mini daga baya. Ɗaya ta wajen ubanta yake, ɗaya ta wajen mijinta, wato jikokin wa da ƙanen nan. Akwai wani hatimi da wasu takardu a akwatinta, kuma duk wanda take zaune a gidansa shi mutanensu za su ɗauka babban gida, ranar da Rasha ta fita aka dawo da sarauta. Ƙasa na cin wuta, mutane na tsallaka duwatsu da jarirai a baya, ɗayansu tasi yake tuƙawa, ɗayan yana sayar da darduma, amma ga su a bayan Wendover suna rabon gadon sarautar da babu ita.

Mai sayar da darduma ne ya yi nasara. Suka fito da ita a hankali, karo na farko da na gan ta a rana. Suka sa akwati, suka naɗe dardumar, har kujerar suka ɗaure a saman mota. Baba ya fito da 'yar jakarsa ya tsaya a gefen ƙofar baya. Na sauko don in yi masa sallama. Sai na ji mai sayar da dardumar yana ce masa wani abu yana dafa masa kafaɗa, sannan ya juyo gare ni da Turanci mai santsi, wai gidansa ƙarami ne, matarsa za ta kula da ita, kuma a Amurka babu bara, tsoho ya samu 'yanci, ga aikinsa a hannu.

Na ce, “Shekara hamsin yana cin mutuwa a madadinta, yau ne kuka tuna da 'yanci?”

Ya yi murmushi irin na wanda ba a saba yi wa tambaya ba, ya shiga mota. Tsohuwar ta sauke gilashi ta miƙo hannu, Baba ya sunkuya ya sumbace shi. Ta faɗi kalma biyu ko uku. Ban san me ta ce ba, ban kuma tambaya ba, don in na ji cewa godiya ce zan ji haushi, in ba godiya ba ce zan fi ji. Ya tsaya da jakarsa har motar ta shige cikin sauran motoci.

A raina na ce, to, Allah ya raba. Ranar Lahadi na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewar da ta cika kasuwa a lokacin, na sa nama ban ƙirga ba. Na zuba duka a babbar samirar, tuwo da miya wuri ɗaya, na kai masa na juyo ina jin daɗi.

Bayan awa ɗaya aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ba kowa, sai kwano a bakin ƙofa. Na ɗaga shi na ji nauyi. Na buɗe murfin. Gurbin cokali ɗaya, a shafe.

Na ce wa maigidana, “Tashi ka raka ni.” Ya ga fuskata, bai ce different culture ba, ya sa takalmi.

Baba yana zaune a ƙasa kusa da inda kujerar take a da, ƙafafunta huɗu sun bar shaida a shimfiɗar ɗakin. Ya miƙe da ya gan mu. Na ce, “Baba, ta tafi. Wa kake jira?”

Ya ce ya sani. Ya ce ya zauna, ya yi bisimilla, ya ci cokalin farko, ya tsaya. Da ya gama tsayuwar sai ya rasa wanda zai ce masa ci. Ya ɗebo na biyu, hannunsa ya kai har baki, maƙogwaro ya ƙi buɗewa. Kwana huɗu ke nan shayi kawai yake sha. Ya faɗa yana ba ni haƙuri, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

An ce sabo turken wawa. Wannan ba wawa ba ne, turke aka kafa masa tun bai san hagu da dama ba, masu turken kuma suka shiga mota suka bar shi a ɗaure.

Ban taɓa cin abinci a gaban namijin da ba muharramina ba, ko a gaban maigidana sai da na shekara ina noƙewa. Na dube shi yana tsaye a bakin ƙofa, ya gyaɗa mini kai. Na je daidai inda shaidar ƙafafun kujerar take, na zauna, na miƙe bayana, na ajiye kwanon a gabana, na buɗe. Na kai hannu ke nan Baba ya yi wuf ya tare.

“Tsaya, ranki ya daɗe.”

Ya ciro ƙyallen, ya warware, ya ɗebi tuwon da na tuƙa da hannuna, ya ci, ya tsaya a gabana hannu a ƙirji. Dole na kalli fuskarsa, don in na kau da kai tsayuwar ba ta karɓu ba. Raka'a huɗu cur. Na ƙirga su a raina, ina tsine wa wa da ƙane, da ɗan baffa, da duk wanda ya taɓa aika wa ɗan'uwansa kwano a rufe saboda kujera.

Da ya sauke hannu na ci loma uku. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Na ture kwanon gabansa, na ɗaga hannuna, na yi ɗan kaɗin nan da bayan yatsu kamar yadda na ga ta yi. Na tsani hannun nawa a lokacin.

Na ce, “Na ƙoshi. Saura ne, a ɗauke.”

Ya ɗauka da hannu biyu, ya ja da baya har bayan ƙofar kicin, ya tsuguna ya ba mu baya. Muka ji ƙarar cokali a jikin samira, a hankali da farko, sannan da sauri. Maigidana ya fita waje yana share ido da hularsa.

Da yamma kwanon ya dawo a wanke, babu nauyi. Na daɗe ina jiran ranar, na ɗauka zan yi murna. Na zauna a kan matakala da shi a cinyata ina kuka don baƙin ciki, saboda na san gobe ma sai na sauka na zauna a gurbin kujerar nan kafin tsohon ya iya haɗiye tuwo.